Manhajar da Ta Ƙi Hawa Kwamfutar Auta

Ranar da Mai Gyara ya fara shigowa kantin maganin Baba, Auta, 'yar Baba, ce ta miƙa masa 'yar kwamfutar kantin, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Ya kalli kwamfutar sau ɗaya, ya kalli Auta sau uku. Ta lura sarai, kuma ba ta ji haushi ba.

Aikin bai taka kara ya karya ba: a ɗora manhajar da ke tuna ranar lalacewar magunguna a kan Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Sai ga shi ya yi zuwa biyar, aiki shiru, hira kuwa ta yi nisa.

"Akwai lauje cikin naɗi," in ji Baba. "Yaron nan gyara yake zuwa, ko zance?"

Ɗan aminin Baba, mai kiran kansa Injiniya, wanda ya daɗe yana son Auta, ya ƙara gishiri. "Baba, minti biyu manhajar ta hau kwamfutata. Da gangan yake jan ƙafa."

Maganar ta tsaya wa Auta a rai. Wanda zai yi ƙarya a kan aiki, me zai hana shi yi a kan so? Ta tura wa Mai Gyara saƙo: "Injiniya ya ce minti biyu manhajar ta hau kwamfutarsa. Don Allah ka faɗa min gaskiya. Wasa kake da hankalina?"

Amsa ta zo nan take: "Tauraruwata, ƙwaƙwalwar kwamfutarki ba irin tasa ba ce. Don irin tasa aka gina manhajar, dole na sake gina ta daga tushe don taki. Ki ce ya gwada a gaban Baba."

Washegari Injiniya ya nannaɗe hannun riga. Sau uku yana gwada ɗora manhajar a kan kwamfutar kantin, sau uku allon na cewa ba ta dace da wannan ƙwaƙwalwar ba. Ya share zufa, ya ce ƙila wuta ce ba ta da ƙarfi, alhali fanka na juyawa a kansa.

Mai Gyara ya ɗora wadda ya sake ginawa, ta buɗe lafiya lau.

Baba dai bai saki fuska ba. "A zuwa na nawa ka gama?"

Mai Gyara ya amsa kai tsaye.

"Na uku, Baba."

"Sauran biyun fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Auta nake zuwa gani. Tsoro na ji, in na ce na gama ba ni da hujjar dawowa."

Baba ya gyaɗa kai. "Da ka ce na biyar, da na yarda, don ban san kan abin ba. Ka turo manyanka."

Auta ta ruga bayan kanta tana dariya, hawaye na zuba.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu. "Auta, na ba ki wanda bai cuce ni ba a inda ba na gani. Allah ya yi muku albarka."