Ƙwaryar Doya a Kafaɗa

A wani zamani an yi wata yarinya, 'yar wata ƙaramar ƙabila ta kan dutse. Mutanensu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Da aka kai ta makarantar birni, yara suka yi ta yi mata dariya, har ta koma ɗaukar bokiti a ka.

Ran nan sai ga uwarta ta zo, da ƙwaryar doya a kafaɗa. Yara suka ce, "Uwar wa ce wannan?" Suka sake cewa, "Uwar wa ce?"

Sai ta fito ta ce, "Tawa ce. Sannu da hanya, Inna." Ta karɓi ƙwaryar ta saɓa a kafaɗa.

Uwar ta shafa mata kai ta ce, "Yauwa, 'yata. Kan nan naki don karatu muka ajiye shi."