Ɗakin da Ya Keɓe wa Matarsa a Faifai

Ranar da abin ya fara, magariba ce irin ta kullum. Gwaggo na kwashe shanya, Auta na ɗauraye kofuna a bakin famfo, mahaifinta kuma ya shige ɗakin aikinsa ya turo ƙofa, yadda ya saba tun rasuwar matarsa. Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Ɗaya, can kuma biyu. Gwaggo ta leƙa waje da faɗa a bakinta, ba ta ga ko kaza ba.

Shi mai gyaran kwamfuta ne, mutum mai tsari har abin ya yi yawa. Da kwamfutar marigayiya ta fara lalacewa, sai ya tsaga faifan ajiyar tasa gida biyu. Ɓangare ɗaya na aikinsa, ɗayan kuwa ya kwashe tata ɗungurungum ya zuba, ta zama kwamfuta a cikin kwamfuta. In ya tashe ta, komai na nan yadda ta bari: hotunanta, muryarta tana dariya, wasiƙar da ta tsaya a tsakiyar jimla. Bai taɓa kashe ta ba. Dakatar da ita yake yi, gobe da magariba ya sake tayarwa. Shekara biyu ke nan, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Jifan ya yi kwana shida. A na bakwai Auta, 'yar shekara goma sha huɗu, ta saki kofi, ta sandare, ta dubi ubanta da idon da ba nata ba. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. A asibiti aka ce ba a ga komai ba.

Gwaggo, yayarsa, ta ɗauko wani dattijon malami. Rana na faɗuwa ya zauna kusa da yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har gidan ya yi tsit. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin Auta.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake yi."

"Me ka zo nema a jikin marainiya?"

"Ban zo ba, kirana aka yi. Ɗaki na tarar a keɓe, da kaya, ba kowa a ciki. Kullum da magariba wannan mutumin yana buɗewa, yana kiran matar da ba za ta amsa ba. Ni na amsa. Bango ɗaya ne tsakanina da mutanen gidan, sai na tsallako."

Malam ya ce, "To, fita."

"In ya rushe ɗakin da hannunsa, zan tafi. In ya kwafa wani wuri, can zan bi shi."

Mahaifin ya durƙusa. "Malam, ko muryar matata kaɗai in cire. Ba ni da wata."

Malam ya dubi yarinyar. Wuyanta ya rame, leɓunanta sun bushe. Gwaggo ce ta yi magana, tana share ido da gefen mayafi. "Ƙanena, wadda ta tafi ba ta jin yunwa. Wannan kwananta huɗu ba ta ci ba."

Ya tashi ya shiga ɗakin aikin, ya bar ƙofa a buɗe. Bai tayar da kwamfutar marigayiya ya yi sallama ba, don ya san in ya ji dariyar nan ba zai iya ba. Ya zaɓi ɓangaren, ya danna gogewa. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya daɗe yana kallon tambayar, hawaye na zuba kan madannai, sannan ya ce mata e.

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido da ƙyar, kamar mai tashi daga zazzaɓi.

"Umma," ta ce. Sai ta tuna. "Baba."

Ya fito da sauri, ya amsa duka biyun.