Rijiyar Bahago da Sunan Zazzaɓi

Ranar da Inoussa ya fara ganin Aissa, tunkiya ce ta kayar da shi a gabanta.

Anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, a dispansar ɗin Agadas, ƙaramin asibitin garin. Bayan daminar 1968 aka tura shi garkar Malam Bahago, lambun da ke bakin ƙoramar Telwa, don tumaki na ta ɓari, mahauta biyu kuma sun kwanta da zazzaɓi da haɓo. Aikinsa ya ɗebi jini a ƙananan kwalabe a kai Dakar a duba.

"Kai likitan mutane ne ko na tumaki?" in ji Aissa, ɗiyar mai garkar, tana dariya.

"Yau dai tumaki suka fi ƙarfina. Kama mini ita."

Ta danne tunkiyar da gwiwa ɗaya. Ya ɗebi jini, ya rubuta a jikin kwalba: Rijiyar Bahago.

Daga ranar kullum yana da dalilin komawa. Ita tana ce masa Mai Kwalba, shi yana ce mata Dabinona. Malam Bahago bai hana ba, har yakan tsinko masa tumatir.

To, saurayi in yana son burge budurwa, bakinsa ba ya da linzami. Wata la'asar a bakin rijiya, ana shayar da raƙuma, Inoussa ya buɗe iliminsa.

"Kin san cututtukan nan masu sa zubar jini su ma zuriya gare su? Akwai dangin da sauro ke kawowa, akwai na kaska. In masana suka sami sabuwa, sunan wurin da aka ɗebo ta suke raɗa mata. Bara aka yi wa wata suna Marburg, wani gari ne a Jamus. In tamu sabuwa ce, sunan Baba har littattafan Faransa!"

Shi a ganinsa girma ne. Bai lura da Lukumanu ba, mahaucin da Aissa ta ƙi sau biyu, yana tsaye bayan raƙumi.

Kafin Juma'a kasuwa duk ta ɗauka. Wanda kansa ya sara sai a ce zazzaɓin Bahago ne. Masu raƙuma suka koma wata rijiya. Matan unguwa suka daina karɓar albasar gidan.

Malam Bahago ya taka har dispansar, ya iske Inoussa na ɗaure kwalabe na biyu, waɗanda jirgi zai tafi da su.

"Ɗan lakkwal, mai karatun boko, rijiyar nan da hannun nan na haƙa ta, shekara talatin. Sunana kaɗai zan bar wa jikokina, shi za ka liƙa wa cuta? Goge. Rubuta wani wuri. Rubuta daji."

"Baba, na yi wauta da bakina, ka gafarce ni. Amma ba zan goge ba. In na rubuta ƙarya, amsar ƙarya za su aiko, mutane su ci gaba da kwanciya."

"To, ka auri kwalbarka."

Kwana uku sai ga Gwaggo Haoua, ƙanwar Bahago, ta zo karɓar allura. Ta zaro takardar ajami daga bakin zanenta, saƙon Aissa.

"Mai Kwalba, Baba ba ya cin abinci. Lukumanu ya turo manyansa. An ce suna kake nema wurin Turawa da sunanmu. Ban yarda ba, amma kalma biyu ce fa a jikin kwalba. Ashe ban kai kalma biyu ba?"

Inoussa ya karanta sau uku, ya rubuta a bayan takardar kinin:

"Dabinona, kin fi littattafan Faransa duka. Amma kwalabe sun tafi yadda suke. In na yi musu ƙarya yau, gobe ke zan yi wa. Ki roƙi Baba ya jira wata biyu. In sunansa ya ɓaci, ni da kaina zan bar garin."

Gwaggo ta harare shi. "Kai da yayana ban san wanda ya fi taurin kai ba. Yi mini allurar a hankali."

Wata biyun nan Inoussa ya rame har rigar aiki ta yi masa yawa. Duk ranar da jirgi ya sauka yana ƙofar gidan waya. Aissa kuwa ta ce wa ubanta ba ta ƙi umarninsa ba, amma a bar amsar Dakar ta zo tukuna. Bahago ya yi gunaguni, ya ce wa mutanen Lukumanu su saurara.

Ranar wata Talata takardar ta iso. Inoussa ya buɗe ta a tsaye, ya karanta, ya zauna a ƙasa yana alhamdu lillahi.

Bai tafi garka ba. Rumfar mahauta ya nufa, inda maganar ta tashi, ya aika aka kira Malam Bahago.

"Jama'a, ga amsa. Cutar nan ba sabuwa ba ce. An san danginta, an raɗa mata suna tun kafin a haife ni, sunan wani kwari a ƙasar Kenya. Ba a yi wa cuta suna sau biyu."

"To, a rijiyarsa dai aka samo ta," in ji Lukumanu.

"Da yake na rubuta wurin gaskiya, mutanen Dakar sun tambayi likitanmu ko akwai tabki kusa. Akwai, wanda damina ke bari bayan garka. Sauron can ke cizon tumaki. Ruwan rijiya ba ruwansa. Mutum kuma wajen fiɗar dabba marar lafiya yake ɗauka. Wa ya sayi tumakin nan da araha ya yanka?"

Mahauta suka juya suna kallon Lukumanu. Shi kuma ya duƙa yana wasa wuƙar da ba ta buƙatar washi.

Malam Bahago ya gyara rawaninsa, ya ja dogon numfashi.

"Mutanen kwarin nan na Kenya, Allah Ya ba su haƙuri," ya ce. Sannan ya dubi Inoussa. "Na ce ka goge, ka ƙi ni ido da ido. Da ka goge, da har in mutu ana cewa na ɓoye wani abu a rijiyata. Turo manyanka. Amma in ka sake yi wa ɗiyata karatu a bainar jama'a, zan jefa ka ciki."

Aissa na jan guga lokacin da ya iso da labarin. Ta saki igiya, ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya.

"Mai Kwalba, dubi wuyanka. Wa ya ce ka daina cin abinci?"

"Ke kin ci?"

"Ni ma ban ci ba."

Bayan Sallar layya aka ɗaura aure. Masu raƙuman da suka gudu su suka fara zuwa, da cuku da dabino, suna ta rantsuwa su dama ba su yarda da zancen ba. Da za a kai amarya, Malam Bahago ya kira su biyun, ya ɗora hannunsa na hagu a kan Aissa.

"Ga ta nan, Inoussa. Allah Ya ba ku zaman lafiya da ƴaƴa masu albarka, Ya tsare muku mutunci. Ku tashi ku tafi, kada mutane su ga ina hawaye."

Gwaggo Haoua ta rangaɗa guɗa, gida duka ya amsa da amin.