Lagireton da Auta Ta Rubuta a Takarda

Ranar da Dogo ya fara shigowa garejin, rungume yake da kwamfuta kamar mai ɗauke da jariri marar lafiya. Garejin na baban Auta ne, Allah ya jiƙansa, lokacin yana raye, mai gyaran lagireton mota, shekara talatin yana sana'ar. Can kusurwa, bayan tarin tsofaffin lagiretoci, akwai wani tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da katako. Nan Auta take gyaran kwamfuta.

"Sannu da aiki," in ji Dogo. "An ce nan ne wurin injiniya. Yana ciki?"

Auta ba ta ɗago ba. "Yana ciki. Da shi kake magana."

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Ya ajiye kwamfutar, ya ce zanen gidaje yake yi da ita, irin wanda mutum zai ga ɗakinsa da tagoginsa tun ba a haƙa tushe ba. Amma da ya ba ta babban aiki sai fankokinta su hau ihu, ta ɗauki zafi, ta mutu.

Auta ta buɗe, ta taɓa katin hoton, wato ɓangaren da ke sarrafa zane, da bayan yatsa, ta janye da sauri.

"Katin nan ne yake dahuwa. Iska ta gaza masa, sai ruwa."

"Ruwa? A cikin kayan lantarki?"

"Motar da ta kawo ka da me take huce zafi? Da mafici?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi. A nan idanunsu suka haɗu, kuma daga ranar Dogo ya zama mai yawan tambaya. Yau ya zo tambayar famfo, gobe ya dawo wai ya manta amsar.

Auta ta rubuta masa kayan a takarda. Bulok, wato farantin jan ƙarfe da ake ɗora wa katin ruwa ya bi ta cikinsa, kuma sai wanda aka yi don wannan katin kansa, in ba haka ba ramukan sukurori ba za su hau ba. Sai famfo da ɗan tankinsa. Sai tiyo, da kawunan tiyo masu faɗi daidai da shi. A ƙasa ta rubuta lagireto, ta ja masa layi biyu: na jan ƙarfe, ban da alminiyam.

"Me ya sa layi biyu?"

"Don na ga kanka da tsawo, magana tana daɗewa kafin ta isa."

Da yamma ya turo mata saƙo. Ta nuna mini shi daga baya, da yake ni ƙawarta ce, shi ya sa na riƙe.

"Injiniyata, na karanta takardarki sau goma. Kayan guda biyar ne, amma ni rubutun nake kallo."

Ta mayar masa: "Ka kalli kayan, Dogona. Rubutu ba ya sanyaya kati."

Wata uku ana haka, Dogo ya turo kawunsa neman izini. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya sallame shi da a'a. Ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da ba a ganin sana'arsa da ido. Wane irin magini ne wannan da bai taɓa ɗaga bulo ba?

Akwai kuma Mai Shago, mai sayar da kayan kwamfuta a bakin titi. Ya daɗe yana son Auta, kullum yana tsayawa gaida Baba da farar riga da ƙamshin turare. Shi Baba yake so, don shagonsa yana da ƙofa da kanta da kwastomomi.

"Baba," in ji Auta, "ban taɓa yi maka musu ba. Ka hana ni Dogo, na hanu. Amma Mai Shago kam, ko shi kaɗai ya rage. Sai in zauna a garejin nan mu yi furfura tare."

"To zauna. Kuma kada in sake ganin kwamfutar yaron nan a teburinki."

Ta cika umarnin, ba ta sake taɓa kwamfutar ba. Amma ba a hana ta waya ba. Bulok ya iso daga nesa, sauran kayan Dogo ya saya, ya haɗa da hannunsa a ɗakinsa tana gaya masa ta saƙo.

"Ka ɗaure kawunan tiyo da hannu, kada ka sa filaya. Ka bar famfo ya yi ta juya ruwa yini guda, kwamfuta a kashe, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka ga ko zai ɗiga. Lagireton na jan ƙarfe ne?"

"Na jan ƙarfe ne, sanyin raina. Baƙi ne mai kyau, kamar idonki."

Abin da bai gaya mata ba shi ne inda ya saye shi. Ya zaga bai samu ba, ga wani kamfanin gini ya ba shi zanen gidaje ashirin, aikin da yake fatan ya kai wa Baba ya gani. Sai ya shiga wurin Mai Shago. Mai Shago ya karanta takardar, ya gane rubutun, ya yi murmushi, ya ɗauko masa wani a kwali ya ce shi ne.

Wata biyu kwamfutar tana aiki shiru, kati sanyi ƙalau. Sannan ruwan tankin ya fara dusashewa, ya koma kamar ruwan wanki. Saura kwana huɗu ya miƙa aiki, kwamfutar ta ɗauke.

Cikin ruɗewa ya rubuta mata: "Haɗin da kika ce a yi ya kashe ni. Komai ya tsaya."

Auta ta karanta sau biyu. Ta rubuta: "Haɗin da na ce? To madalla." Ta kashe wayar. Ya kira ya gaji.

Washegari Mai Shago ya riga kowa zuwa gareji. Ya zauna a benci yana girgiza kai.

"Baba, ai na ji labari. Mace da ruwa da lantarki, me ake jira? Shi kuma yaron yana can yana gaya wa mutane ita ta ƙona masa kaya. Ni da a gidana take, da hannunta bai sake taɓa sukudireba ba."

Auta ta taso daga teburinta da sukudireban a hannu.

"Wa ya gaya maka ta lalace? Jiya da yamma ta tsaya."

Mai Shago ya hau gyaran wuyan riga. Kafin ya samo amsa sai ga Dogo a bakin ƙofa, idanu jajur, kwamfuta a kafaɗa. Ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, na san ka hana. Ba gyara na kawo ba. Na zo ne in faɗa a gabanka cewa na yi mata maganar da ba ta cancanta ba. Ita ta rubuta daidai. In akwai kuskure, a hannuna yake, don ni na yi sayayya, ni na haɗa."

Auta ba ta kalle shi ba. Tankin take kallo, da wannan ruwa mai duhu.

"Baba, ka ce kada in taɓa, ba zan taɓa ba. Kai ka taɓa. Ciro lagireton nan ka gaya mana ko na mene ne. Duk garin nan babu wanda ya fi ka sani."

Baba ya harare ta. Amma an ambaci lagireto, kuma shi mutum ne da ba ya iya ganin lagireto ya wuce. Ya sa Dogo ya kwance, ya zubar da ruwan a roba. Baba ya ɗaga lagireton a tafin hannu, ya jinjina. Fuskarsa ta canza.

"Wannan ba shi da nauyi."

Ya ɗauki magagari ya goga gefe sau uku. Baƙin fenti ya tashi, farin ƙarfe ya bayyana.

"Alminiyam ne. Kai, wane jahili ne ya haɗa wannan da jan ƙarfe a ruwa ɗaya? Ai cin juna suke yi. Wannan ya zagwanye, dattinsa ya je ya toshe bulok ɗin. A ina ka saya?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ɗan juya ido wajen benci.

"Baba, ai kusan duk ɗaya ne," in ji Mai Shago. "Kamfani ne ya..."

"Duk ɗaya ne? Ni za ka gaya wa duk ɗaya ne? Ka karanta takardar ko ba ka karanta ba?"

"Na karanta."

"Ka ga rubutun 'yata, ka ga layi biyu, ka ba shi wannan. Tashi mini daga benci."

Mai Shago ya fita, ko sallama babu.

Baba ya shige ciki yana ta ture-turen ƙarafa, ya fito da wani ɗan ƙaramin lagireto na hitar tsohuwar mota, abin ɗumama cikinta, jan ƙarfe zalla. Ya wanke shi ciki da waje har ruwa ya fito garau. Ya kunna wutar walda zai liƙa masa bakuna biyu.

"Ke, tiyon naku nawa ne faɗinsa?"

Auta ta gaya masa. Ta tsaya, hannuwa a baya.

"Me kike jira? Bulok ɗin zai wanke kansa ne?"

"Ai an hana ni taɓawa."

"To an janye. Ja'ira."

Ta kwance bulok ɗin, ta bi 'yan siraran hanyoyin ruwan da buroshi har suka buɗe. Dogo yana riƙe mata sukurori.

"Injiniyata," ya ce a hankali, "ki yafe mini."

"Sai na yi tunani. Miƙo mini tiyo. Gobe in na ja layi biyu, sai ka yi yaya?"

"Sai in ja na uku."

Ta juya kai don kada ya ga murmushinta.

Sun bar famfo ya yini yana juyawa, bai ɗiga ba. Washegari aka kunna. Gidaje suka fara fitowa a fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, da ƙofofi da matakala da inuwar bishiya a bango. Baba ya jawo kujera ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, yana kai hannu yana taɓa lagiretonsa ya ji ɗumin da yake kwasowa.

"Wannan tagar ta yi kusa da murhu," ya ce. "Hayaƙi zai dawo ciki."

Dogo ya duba, ya ce gaskiya ne, ya matsar da ita nan take. Baba ya yi gyaran murya.

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Kuma ya zo da wuri, ni ba na son jira."

Auta ta durƙusa ta kama hannun babanta, baƙin mai da komai, ta ɗora a goshinta tana kuka.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya sa sabuwar riga, ya kankare faratansa har suka yi ja, ya zauna yana karɓar gaisuwa yana gaya wa kowa cewa surukinsa magini ne. Da za a tafi da amarya ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku haƙuri da juna, ya sa ku tsufa tare. Kai kuma Dogo, ka riƙe mini ita da kyau, ka riƙa jin maganarta. Ta fi mu gaskiya, ni da kai."

Muka ce amin. Wannan ne aure na ƙarshe da ya halarta, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Allah ya karɓi addu'arsa a kansu, ya kai haske kabarinsa.