Huda ta Biyar a Takardar Bello

Ran Lahadi da safe aka tsinci goɗiyar wani Bature a mace bayan filin harbi na Summerfield, harsashi a wuya. A shekarar 1983 ne. Ɗalibai Hausawa uku masu karatu a ƙasar waje ne suka yi gwajin harsasai a wurin ran Asabar: Garzali, Surajo da Bello. Kowa da hannunsa yake ɗura albarushi a harsasansa.

'Yan sanda suka tafi da Garzali, don shi ya ce ya harba biyar, huda huɗu ya gani a takardar da ya yi saiti a kanta. In laifin ya tabbata, karatu ya ƙare, sai gida.

Matarsa Huseina ta sami Baba Iliyasu, tsohon soja, a gidansa da ke Glenwood.

"Baba, da bakinsa ya amsa."

"Baki ba shaida ba ne. Tara mini sauran biyun a filin, da takardunsu."

Da suka taru a filin, Iliyasu ya ɗaga takardar Garzali a rana. Huda ɗaya ta fi sauran faɗi. Ya sa gatari ya tsaga sabon kututturen da aka manna ta a jikinsa. Dalma biyar ya ciro. Biyu sun bi ƙofa ɗaya.

"Surajo, nawa ka harba?"

"Uku, Baba. Kafaɗa ta hana ni."

"Kafaɗa ko tsoro?"

Huda uku, dalma uku. Ya sallame shi.

Bello ya miƙo tasa yana murmushi. "Biyar cif, Baba."

"Ina kututturenka?"

"Mun gasa nama da shi."

"Da me kake auna albarushi?"

"Da cokali. Idona ya saba."

"Garzali fa?"

"Shi da sikeli, ƙwaya-ƙwaya, kamar mai sayar da zinariya."

Babu wanda ya yi dariya. Iliyasu ya daɗe yana duban takardar. Hudojin a warwatse suke, wannan gabas, wannan yamma, sai ɗaya a tsakiya daram.

"Huseina, zo ki duba. Me ke bakin waɗannan huɗun?"

"Baƙin zobe, kamar kwalli."

"Ta tsakiyar fa?"

"Fara ce tas."

"Harsashi ba ya ratsa takarda bai goge dattinsa ba," in ji Iliyasu. "Mai auna albarushi da cokali, wani ya yi yawa, wani ya yi kaɗan. Naka guda ya tsallake tudun da ke tare harsasai, ya sami goɗiyar. Ka ƙirga ka ga huɗu, ka huda ta biyar da biro, ka ƙone kututture."

Murmushin Bello ya gudu. "Baba, kuskure ne. Ni ma ina da iyali."

"Harsashin kuskure ne. Biron ba kuskure ba ne. Kana tsaye aka sa wa ɗan'uwanka ankwa."

Bello ya sunkuyar da kai.

Iliyasu ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya zuba wa Huseina dalma biyar a tafin hannu.

"Riƙe da kyau, mijinki ne a nan. Kai kuma, Bello, ta da mota. Kai za ka kai mu wurin 'yan sanda."