Abincin da Ba a Ɗanɗana Ba

Ranar Litinin da hantsi, cikin damina ta 1984, wata mata mai suna Susanna ta shigo caji ofis na Gwange riƙe da kwanon burabusko. Insifekta Ajimi ya nuna mata benci.

"Yallaɓai, mijina Pindar yana gidan yari, jiran shari'a yake. Tun watan jiya an hana ni ganinsa."

"Wa ya hana ki?"

"Gandiroban ƙofa, Saje Bala. Wai an yi masa horo. Abincin kawai yake karɓa."

Ajimi ya san doka. Mai jiran shari'a yana da haƙƙin ganin iyalinsa, kuma shugaban gidan ne kaɗai zai dakatar da ziyara, shi ma sai ya faɗi dalili. Amma wa zai gaya wa talaka wannan?

"Kina ɗanɗana abincin a gabansa?"

"Da dai sai na ci loma. Yanzu ya daina sa ni."

Ruwa ba ya tsami banza. Duk gandiroba ya san abincin waje ba ya shiga sai wanda ya kawo ya ɗanɗana, don kada a sa wa fursuna guba.

Ajimi ya wuce wurin shugaban gidan yarin. Mutumin ya ce shi bai yi wa kowa horo ba, ya sa a kira Bala.

"Ina Pindar?" in ji Ajimi.

"Yana asibiti, Yallaɓai," in ji Bala.

"Ka ce wa matarsa horo."

"Don kada hankalinta ya tashi."

"To me ya sa ka daina sa ta ɗanɗana abincin?"

Ajimi ya shiga bincike. Mai kula da ɗakin shan magani na gidan yarin ya ce bai taɓa ganin Pindar ba. Fursunonin ɗakinsu kuwa suka ce Saje ne ya fita da shi wata Asabar, da fartanya a kafaɗa.

Nan Bala ya zube, ya faɗi gaskiya. Gonarsa ta hanyar Konduga ya kai Pindar noma a ɓoye, maciji ya sare shi, kafin la'asar ya cika. Tsoro ya sa ya binne shi a gindin wata tsamiya.

Aka sa wa Bala ankwa, aka kawo shi caji ofis, aka wuce da shi ta gaban Susanna.

Ajimi ya gaya mata komai, bai rage ba, ko da yake abin ya yi masa nauyi. Ta ɗago ta dube shi.

"Yallaɓai, can gonar ma sai na nemi izini?"