Baƙin Mai a Gindin Tsamiya

Tsohon babur ɗin kawuna Alkasim, malamin gona, ya mutu masa da almuru a hanyar Kiru, ga shi babu bakanike sai a Kwanar Dangora. Ya kwance noti, ya tsiyaye baƙin man da zafinsa a gindin tsamiya, ko bisimilla bai yi ba.

Sai ga wani dattijo tsugune gefensa, yana ƙaurin gashi.

Kawu ya ce, "Sannu Baba. Ka iya gyara?"

"Na iya. Miƙo hannu, samari."

Dattijon ya damƙi hannun, ya danna a kan salansar babur ɗin mai zafi har fata ta saɓule. Kawu na ihu, shi kuwa leɓensa bai motsa ba. Daga ƙasa muryar ta fito:

"Jikata ke barci inda ka zuba."